Ɗakin Bayan Mota

Ni ce zan kwana a cikinsa, amma ranar da aka je zaɓen ɗakin da za a ɗora wa motar a baya, a kan wata tsohuwar taya aka zaunar da ni, a inuwar katangar garaji. Aka sayo mini ruwan leda mai sanyi, aka ce in huta, maza za su duba.

Mijina maganin dabbobi yake sayarwa, yana kuma yi wa shanu da raƙuma allura. Tun kafin aurenmu yake fita daga Tawa ya nufi arewa, ya wuce Takanamat, ya saki hanyar laterit mai jar ƙasa ya bi sawun dabbobi zuwa rijiyoyin da makiyaya ke taruwa. Da babur ya soma. Da Allah ya hore masa wata tsohuwar mota kat-kat mai buɗaɗɗen baya, sai muka yanke shawara, ni da shi, cewa zan riƙa binsa. Kakata ta wajen uwa ta koya mini Tamashek, yaren makiyayan can, ina ƙarama, kuma abin da ya rage a bakina ya isa gaisuwa da ciniki. Shi namiji ne, iyakarsa bakin rijiya da inuwar maza. Ni kuwa zan shiga tantin mata, in kai musu sabulu da lalle da atamfa, in sayo cuku in kawo birni. Na bar lise, babbar sakandare, ban ci jarrabawar ƙarshe ba. Ƙawayena wasu sun tafi Yamai, wasu sun samu koyarwa a ƙauyuka, ni ina gida ina wanke-wanke. Tafiyar nan ita kaɗai ce abin da zan nuna in ce nawa ne.

A gidan Inna muke zaune, mahaifiyarsa, kuma ita ta kafa sharaɗi. Ta ce, "Ɗiyar mutane ba ta kwana bisa tabarma cikin daji gaban maza. In akwai ɗaki mai ƙohwa, ta tahi. In babu, ta zamna." Abin da ya kai mu garaji ke nan.

Mai garajin dattijo ne, abokin mahaifin mijina tun suna samari, shi ya sa mijina ke ce masa Baba. Daga inda nake zaune ina jin su. Abin da ya fara nunawa shi ne baka na ƙarfe da ake lulluɓewa da tamfal, irin na motocin kasuwa. Ya ce shi ne na mai hankali: ba nauyi, mota ba ta nutsewa cikin rairayi, in ya yage a ɗinke. Mijina ya ce ba shi da ƙofa, Inna ba za ta yarda ba. Dattijon ya yi tsaki, ya ce ita Inna za ta tuƙa?

Can ƙarshen garajin, bayan wata mota da aka daɗe da cire mata ƙafafu, na hango wani abu dogo an ɗora shi a kan bulo. Ban nemi izini ba, na tashi na je. Ɗaki ne na gaske, wanda aka ƙera don bayan mota. Aka ce wani Bature ne ya bari tun shekarun da suke wucewa yawon buɗe ido, injinsa ya mutu a hanya, ya sayar da komai ya hau jirgi. Kaji sun mai da shi wurin ƙwai, katakon ciki ya ruɓe, yana warin ɓeraye. Amma akwai taga hagu da dama, da raga don sauro. Akwai wata ƴar ƙofa a rufi, kana murɗa hannu tana ɗagawa iska ta shigo. Na ja ƙofar shiga na rufe, na murɗa mariƙin daga ciki, ta buɗe. Na sake rufewa, na sake buɗewa. Wanda ya ƙera abin nan ya san mutum ne zai shiga.

Na leƙo na ce, "Baba, wanga fa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ƴar lakwal, ƴar boko, ta ga na ƴan uwanta! Amarya, wanga in kunka hau tudun rairayi da shi, kihewa za ku yi. Ya hi motar nauyi. Kuma zamanin ga, wanda duk ya hange shi cewa zai yi akwai Bature ciki. Kina son a tare ku?"

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba, har yau ban musa ba. Hanyar arewa ba wurin da mutum ke son a gane shi daga nesa ba ne.

Na ukun shi suka tsaya a kai. Akwatin ƙarfe ne fari, gajere, an ciro shi daga motar da ke raba burodi. Mutum ba ya miƙewa tsaye a ciki, sai a durƙushe. Ƙofarsa a baya take, da dogon ƙarfe da ake saukewa daga waje ya shiga cikin ƙugiya, irin na manyan motocin kaya. Mijina ya bubbuga jikinsa, ya ji daɗin ƙarar. Ya ce magani zai zauna lafiya, ɓarawo ba zai samu shiga ba, kuma tsawonsa ya ɗauki katifa. Dattijon ya ce bai yi tsayi sama ba, iska ba za ta kama shi ba.

Na zagaya na leƙa bayan ƙofar. Sumul take, ko ƙusa babu.

Na ce, "Ba ta buɗewa daga ciki."

Dattijon ya ce, "To ai burodi bai taɓa cewa zai hita ba." Ma'aikatan garajin suka fashe da dariya. Ya ƙara da cewa, "Ko gudu kike shirin yi tun yanzu?"

Mijina ma ya yi dariya, amma ya juyo ya ce mini a hankali, "Madam, za a sa. Aikin walda ne kaɗan."

Ba a sa ba. Sauran ayyukan duk an yi su. An yanka taga a gefe guda, faɗinta bai wuce littafin karatu ba, aka gitta mata ƙarafa saboda ɓarayi. An ɗora panno mai ɗaukar hasken rana a rufi, aka sa batir da ɗan firijo na ajiye alluran dabbobi, da wata ƴar fanka. Jarkokin ruwa aka ɗaure su a waje, a gefen mota, don kada su cinye wuri. Farin fentin kuma aka ce yana kama da motar proje, ta ƙungiyoyin agaji, mutane za su ɗauka akwai kuɗi a ciki, sai aka shafe shi da ruwan ƙasa mai duhu. Ranar da aka zo kan mariƙin ciki, aka ce an ɗauke kuran, ba wutar walda. Da kuran ya dawo, mai waldan ya tafi jana'iza Kalfu. Na tuna wa mijina, ya ce to. Na sake tuna masa. Daren da za mu fita ya ce, "Ba a fafe gora ranar tahiya. In na ce ma Inna ɗakin bai ƙare ba, kin san abin da za ta ce." Na sani. Na ci gaba da ɗaure kaya.

Tafiyoyin farko ba zan ce komai a kansu ba sai alheri, kuma wannan yana cikin abin da ke ci mini rai. In muna tafiya ina gaba kusa da shi, ɗakin na rufe, ba kowa ciki sai kwalaye. In za mu kwanta sai mu ja ƙofar mu ɗaure ta da igiya daga ciki. Matan tanti suka saba da ni. Suna dariyar Tamashek ɗina, suna cewa ina magana kamar tsohuwa, don kalmomin kakata ne a bakina. Na koyi gane cukun da ya bushe da kyau daga wanda zai yi fumfuna kafin mu iso gida. Na koyi cewa ba a fara maganar ciniki sai an tambayi lafiyar kowa har awaki. Mata a unguwarmu suka fara aiko yara suna tambaya ko cuku ya iso. Na yi baƙi, na rame, Inna tana ta faɗa, ni kuwa ban taɓa jin daɗin raina kamar lokacin ba.

Cikin bazara ne abin ya faru, lokacin da ko inuwa ƙuna take. Mun iso wata rijiya da hantsi ya yi nisa. Ban taɓa ganin dabbobi da yawa haka a wuri ɗaya ba, don ƙananan rijiyoyin kewaye duk sun ƙafe. Shanu suna kuka, raƙuma suna gurnani, jakuna suna jan igiyar wasaki, maza suna ihu a kan kwamin shayarwa kowa na kare layin garkensa. Mijina ya tsayar da motar nesa kaɗan, a gangaren wani tudu. Kaina yana ciwo tun safe. Na ce masa zan ɗan kwanta kafin in nemi tantin mata. Na shiga ɗakin, na cire hijabi da ɗankwali, na kwanta, ƙofa a buɗe.

Da yake motar a karkace take, ƙofar ta riƙa wangalewa, iska mai zafi tana kaɗa ta. Wasu samari suna tsaye da sandunansu ba nisa, ido yana zuwa. Mijina ya dawo ɗaukar jakar allura, ya gan su, ya gan ni ba ɗankwali.

Ya ce, "Bari in tura ƙohwa, mutane na kallo. Yanzu nike dawowa."

Ya tura. Sai na ji ƙarfen ya faɗa cikin ƙugiyarsa. Na ɗaga kai na ce, "Ka ji," amma takunsa ya riga ya yi nisa.

Daga baya ya ce bai san ya sauke ba, hannunsa ne ya saba, kullum in ya ɗauki magani haka yake yi. Na yarda. Daga baya kuma na ji inda ya tafi. Wani dattijo ne mai garke ya ja shi bayan tudu ya duba masa taguwa da ta ƙi tashi. Da ya gama aka shimfiɗa masa tabarma, aka ɗora shayi. Kowa ya san shayin can: zubi uku ne, a kan garwashi kaɗan, ba gaggawa, kuma baƙon da ya tashi kafin na uku ya ci mutuncin mai gida. Mijina mutum ne mai kiyaye mutuncin mutane.

Da farko ban tsorata ba. Haushi na ji. Na kunna fanka, na kwanta, ina shirya maganar da zan faɗa masa. Fankar tana kwaso zafi daga rufi tana watsa mini a fuska. Na ɗora hannu a bango don in gyara kwanciya, na janye da sauri, kamar na taɓa murfin tukunya. Na sha ruwan da ke cikin ƴar gorata, ya yi ɗumi kamar na wanka. Sauran ruwan duk yana waje, tsakanina da shi faɗin ƙarfe ɗaya.

Na ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa. A hankali, yadda ake ƙwanƙwasa ɗakin suruki. Wannan ne nake kasa bayyana wa mutane in sun tambaye ni. An rene ni a kan cewa mace ba ta ɗaga murya cikin baƙin maza. Ga ni ba ɗankwali, ga su cike da wuri, ga mijina yana neman abincinsa a hannunsu. Na ce a raina in na yi ihu za su taru, za a ce matar mai allura ta yi kururuwa a bakin rijiya, labari ya bi rijiyoyi har ya riga mu isa gaba. Na ce bari in ƙara haƙuri, yanzu zai dawo, shi ya faɗa.

Na matsa wajen tagar na manna hancina a ƙarafan. Ta ɓangaren da ba kowa aka yanka ta. Fili ne kawai, da wata busasshiyar aduwa, da hasken da ke rawa a kan ƙasa. Iskar da ke shigowa ba ta fi ta ciki sanyi ba. Na duba waya, ko ɗigon rezo na kira babu, dama na sani, amma na duba, na sake dubawa. Fankar ta fara rage gudu, don firijo ya fi ta haƙƙi a kan batir, haka aka haɗa wayoyin. Sai ta tsaya.

A nan ne gabana ya faɗi. Na fara dukan ƙofar da tafin hannu, sannan da takalmi, sannan da wata kwalbar maganin tsutsa. Na ce, "Maigida!" Na ce, "Bayin Allah!" Na nemi kalmar taimako da Tamashek, ta ɓace mini, duk abin da kakata ta koya mini ya gudu, ba abin da ya rage sai gaisuwa. Ƙarar dukan tana dawowa cikin kunnena, a waje kuwa shanu suna ta kuka. Na kwanta da baya na sa ƙafafu biyu na tura ƙofar. Ta motsa kaɗan, haske ya shigo ta tsaga kamar zare, ƙarfen ya riƙe. An gaya mana a garaji ɓarawo ba zai iya da ita ba.

Na buɗe firijon. Ko a lokacin sai da na tsaya na yi tunanin alluran, cewa jarinsa ne, in sun yi zafi sun lalace. Sannan na cusa fuskata ciki. Na kwaso ƴan kwalaben na manna a wuyana da ƙirjina, na lashe ƴar ƙanƙarar da ta taru a bangon. Ba ta daɗe ba. Can na lura zufa ta daina zubo mini. Fatata ta bushe, ina jin sanyi-sanyi a bayana, kuma na tuna malamin kimiyya a kolej, ƙaramar sakandare, ya taɓa faɗa mana abin da wannan ke nufi, cewa zafi ya kusa kashe mutum. Da ban sani ba da ya fi mini.

Tun da aka ɗaura mana aure ban ƙara kiran sunan mijina ba. A gaban mutane Maigida nake cewa, in mu biyu ne in ce ka ji. Haka uwata take, haka Inna take, har mijinta ya rasu ba wanda ya ji sunansa a bakinta. A cikin akwatin nan na sa bakina a tsagar ƙofa na kira sunansa. Na kira da duk abin da ya rage a maƙogwarona, na yi ta kira, har muryar ta koma kamar ta akuya da aka shaƙe. Na yi kalmar shahada. Na tuna ina tunanin cewa za a same ni ba ɗankwali, na laluba in nemo shi, ban san ko na samu ba.

Wata tsohuwa ce ta buɗe. Ta zo ɗiban ruwa da jakinta, jakin ya ja ta zuwa ƴar inuwar da ke gefen motar, sai ta ji abu yana karce ƙofa daga ciki. Ta ce ta ɗauka ɗan akuya aka manta. Ta daɗe tana kokawa da ƙarfen kafin ta gane ɗagawa ake yi. Ni dai abin da na sani, haske ya buge ni, na zubo ƙasa, sai ruwan salka mai warin fata yana kwarara a kaina da wuyana. Tana cewa "aman, aman," wato ruwa, tana ɗiga mini a baki kaɗan-kaɗan, in na kai hannu in fizge ta buge hannun. Da ta ga maza sun nufo mu a guje, ta yaye mayafinta ta rufe mini kai, ta bar nata a buɗe.

Mijina ya iso yana haki. Ɗan kofin shayin yana hannunsa, bai san yana riƙe da shi ba. Ya durƙusa, fuskarsa ta yi toka, yana ta innalillahi. Maganar da ta fara fita daga bakinsa ita ce, "Mi ya sa ba ki yi kira ba?"

Harshena ya kumbura. Ɗaya daga cikin samarin nan masu sanduna ne ya amsa, da Hausa, kansa a ƙasa.

"Ta yi kira, Malam. Mun ji. Har sunanka mun ji."

Mijina ya ce, "Kun ji? Kun ji kunka tsaya?"

Saurayin ya ce, "Mun ga kai ka ruhe da hannunka. Munka ce ko tsakaninku ne. Ƙohwar wani ce, Malam, da iyalinai ciki. Wa zai taɓa?"

Tsohuwar ba ta jin Hausa sosai, amma ta gane. Ta miƙe ta zazzaga musu abin da ban taɓa jin mace ta faɗa wa maza ba, ta haɗa da mijina, ta haɗa da dattijon mai shayi da ya biyo shi. Ni ina kwance a ƙasa ina jin su, kuma maganar saurayin ce ta fi zafin akwatin shiga jikina. Suna nan tsaye duk tsawon lokacin. Sun ji duka, sun ji kira, sun tattauna a tsakaninsu, suka ga ladabi shi ne su bar ni.

Aka kai ni gidan likita mafi kusa, aka yi mini ƙarin ruwa, muka kamo hanyar Tawa. Mijina yana tuƙi yana kuka, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan. Ya nemi gafara, na ce na yafe. Bai yi maganar alluran da suka lalace ba, ko sau ɗaya, sai a bakin ƙanwarsa na ji.

Inna ta yi jinyata da hannunta. Ta dama mini kunu, ta shafa mini man shanu a tafin hannun da ya sassale. Ba zan ce ba ta damu ba. Amma da maƙwabta suka zo dubiya, ina ɗaki ina jin yadda take ba da labarin. Ba ta ambaci ƙarfe ba, ba ta ambaci shayi ba. Ta ce rijiyoyin arewa ba a zama kusa da su da tsakar rana, iskoki ne suka taɓa ni. Ta rage murya ta ce, "Har sunanai ta kira, gaban maza. Kun ga ai ba ita ba ce." Matan suka ce Allah ya sawwaƙe. Aka kawo mini rubutu na sha, aka yi mini hayaƙi. Na sha, don ban da ƙarfin gardama.

Kwana biyu da dawowarmu mijina ya kai motar garaji. Kafin azahar ya dawo, an sa mariƙi a ciki, an ƙara taga ta biyu, an cire dogon ƙarfen gaba ɗaya. Ya ce aikin bai ɗauki komai ba. Da bai faɗa mini wannan ba. Ya ce mai garajin yana gaishe ni, ya ce Allah ya kiyaye gaba, kuma bai karɓi ladan aikin ba.

Ya kira ni ƙofar gida in gani. "Madam, zo ki gwada da hannunki. Ko yaro ya buɗe ta."

Na fito. Ya wangale ƙofar. Warin ya fara iso ni, warin fenti da roba da maganin tsutsa. Na ɗora ƙafa ɗaya a kan matakin, na kasa ɗora ta biyu. Kunnuwana suka ɗauki kukan shanu, alhali a unguwarmu ba saniya ko ɗaya. Na tsuguna a gefen taya na yi amai. Ya ce ba komai, sai gobe. Gobe ma haka. Har yanzu ba na iya sa sakata a makewayi, ƙanwarsa ke tsaya mini a bakin ƙofa in zan yi wanka. In an rufe ƙofar taksi sai na ce a tsaya in sauka.

Na zauna na yi tunani, don ba na son in rasa hanyar. Na ce masa a cire ƙofar baki ɗaya, a rataya labule mai kauri, ko zana. Na ce in ina ganin waje zan iya. Ya ce shi bai ƙi ba. Muka je wurin Inna tare, ya faɗa mata, ina tsaye a bayansa.

Ta ce, "Labule? Cikin daji? Ni tun hwarko ƙohwa na ce." Ta dube ni, da tausayi ta dube ni, ta ce, "Ɗiyata, Allah ya nuna miki. Ki zamna ki samu lahiya."

Na jira ya ce wani abu. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

Damina ta kusa, makiyaya za su watse, dole ya fita kafin nan. Da safe ya ciro katifata daga ɗakin ya shigo da ita, ya jingina a bangon zaure, ya cika wurin da kwalayen magani. Ya tambaye ni ko akwai saƙon da zai kai wa matan tanti, na ce ya ce ina gaishe su. Ya ce to, in sun tambaya zai ce ba ni da lafiya. Inna ta raka shi har waje tana yi masa addu'a, ta dawo ta miƙo mini tire da shinkafa ta ce in tsince.